Kotunan Jinya A Amurka: Idan Faɗin Gaskiya Ne Magani, Wa Zai Rufa Asirin Mai Faɗa?

Duk wanda ya taɓa shiga zauren kotu ya san yadda tsarin yake: alƙali a bisa kujera, wanda ake tuhuma a cikin akwati, lauyoyi suna ta kai-komo, shi kuwa mai shari'ar ya yi gum sai an ce ya buɗe baki. A Amurka akwai wasu kotuna da suka juya wannan tsari. A cikinsu alƙali da kansa ke kiran mutum da sunansa, ya tambaye shi yadda makonsa ya kasance, ko ya samu aiki, ko ya je wurin likita, ko ya yi waya da mahaifiyarsa. Idan ya cika wata uku bai taɓa ƙwaya ba, sai zauren ya ɗauki tafi. Idan ya koma ruwa amma ya faɗa da bakinsa, galibi ƙarin magani ake rubuta masa. Idan kuwa ya yi ƙarya har gwajin fitsari ya tona shi, a nan ne hukunci ke hawa kansa, wani lokaci har ya kwana biyu ko uku a tsare. Waɗannan su ne kotunan jinya, kuma jarinsu gaba ɗaya shi ne mutum ya faɗi gaskiya.

An kafa ta farko a shekarar 1989 a gundumar Miami-Dade ta jihar Fulorida, lokacin da wani nau'in hodar iblis mai araha ya cika gidajen yari da mutanen da ake saki yau su dawo gobe. Alƙali Stanley Goldstein ne ya fara zama a kanta, kuma Janet Reno, wadda daga baya ta zama ministar shari'a ta Amurka, tana cikin waɗanda suka assasa ta a matsayinta na babbar mai gabatar da ƙara ta gundumar. Yarjejeniyar mai sauƙi ce: maimakon ɗauri, wanda aka kama zai shiga jinya ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a riƙa gwada fitsarinsa ba zato ba tsammani kamar sau biyu a mako, yana bayyana gaban alƙali a kai a kai. Idan ya kammala, a janye tuhuma ko a sassauta hukunci. Idan ya gaza, gidan yari na jiransa. Daga nan tsarin ya yi rassa: kotun masu taɓin hankali a gundumar Broward a 1997, kotun tsofaffin sojoji a birnin Buffalo na jihar Niyok a 2008 ƙarƙashin Alƙali Robert Russell, da kotunan iyayen da shaye-shaye ya raba da 'ya'yansu. Yau irin waɗannan kotuna sun kai kimanin 4,000 a faɗin ƙasar.

To amma akwai mutanen da gaskiyar da ake nema daga gare su ita ce abin da suka shafe rayuwarsu suna ɓoyewa, kuma da dalilinsu. Ina nufin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, da masu sha'awar maza da mata duka, da kuma waɗanda har yanzu suke cikin kokwanto game da inda sha'awarsu ta karkata. Yadda kotun jinya za ta riƙe irin waɗannan mutane ya zama abin tattaunawa a tsakanin alƙalai da likitocin Amurka cikin shekarun nan.

Na san wasu daga masu karatu sun riga sun ɗaure fuska. Matsayin addini a kan wannan al'amari, yadda ake karantar da shi a masallatai da majami'unmu, sananne ne, haka ma dokar da aka sanya wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2014. Ban zo jayayya da aƙidar kowa ba. Su ma alƙalan Amurka, musamman a jihohin kudu irin su Texas da Alabama, da yawansu masu riƙo da addini ne da ba sa kallon lamarin da sassauci. Sai dai tambayar da ke gabansu ta fi haka ƙunci. An kawo musu mutum da aka kama da ƙwaya, ba da wani laifi daban ba, domin tun 2003 kotun ƙolin ƙasar ta soke dokokin da ke hukunta tarayyar jinsi ɗaya tsakanin manya. Kotu ta ɗauki alkawarin yi masa magani da kuɗin jama'a. Shin za ta cika alkawarin, ko kuwa za ta bar shi ya sulale ya koma kurkuku?

Alƙaluma sun nuna ba mutum ɗaya ko biyu ake magana a kai ba. A 2015 ne babban binciken shaye-shaye na gwamnatin tarayyar Amurka ya fara tambayar mutane inda sha'awarsu ta karkata. Sakamakon ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan da ke cikin wannan rukuni sun yi amfani da haramtacciyar ƙwaya a cikin shekarar, alhali a sauran jama'a kashi 17 ne. A 2017 kuma Ilan Meyer da abokan aikinsa na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka fitar da nazari a kan fursunoni, inda suka gano cewa ana ɗaure mutanen wannan rukuni fiye da ninki uku na yadda ake ɗaure sauran manya. Abin da ya fi ba ni mamaki a nazarin shi ne ɓangaren mata: kimanin kashi 42 cikin 100 na matan da ke gidajen yari sun faɗa cikin rukunin. Ke nan duk alƙalin kotun jinya da ya ce shi bai taɓa samun irin waɗannan mutane a gabansa ba, abin da yake faɗa a zahiri shi ne ba su taɓa yarda da shi har su faɗa masa ba.

Me ya sa shaye-shaye ya fi yawa a cikinsu? Mai saurin yanke hukunci zai ce ai lalacewa ce ke jawo lalacewa. Masu bincike sun bi wata hanyar. Shi dai Meyer ɗin, a wata maƙala da ya wallafa a 2003, ya yi bayanin cewa wanda ke rayuwa cikin tsangwama yana ɗauke da kaya iri huɗu: cin zarafin da ya riga ya same shi, fargabar wanda zai zo, wahalar ɓoye kai dare da rana, da kuma ƙyamar kansa da ta shige masa zuciya. Kaya irin wannan kan sa mutum neman abin da zai kashe masa tunani. A 2009 Caitlin Ryan da tawagarta a San Francisco suka auna abin ta fuskar iyali. Matasan da iyayensu suka yi musu ƙyama mai tsanani sun ninka takwarorinsu da ba a yi wa haka ba fiye da sau uku wajen shan ƙwaya, kuma fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kansu. Yaron da aka kora daga gida yana da shekara goma sha shida titi ne ke karɓarsa, kuma kowa ya san abin da titi ke koyarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu a ɗauki misali. Ga matashi ɗan shekara 24 da aka kama da ƙwaya aka tura kotun jinya. Ranar farko an miƙa masa takarda ya sa hannu cewa ya amince likitansa ya riƙa sanar da tawagar kotu halin da yake ciki. Dokar Amurka tun shekarun 1970 tana ba bayanan masu jinyar shaye-shaye kariya ta musamman, amma wannan sa hannu shi ne kuɗin shiga. Tawagar kuwa ba likitoci kaɗai ba ne: akwai alƙali, da mai gabatar da ƙara, da lauyansa, da jami'in ɗaurin talala, sau da yawa har da ɗan sanda. Suna zama a asirce kafin kowane zaman kotu su tattauna kowa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a fito fili, inda sauran masu jinya da 'yan uwansu ke zaune suna sauraro. A ƙaramin gari, mai yiwuwa ne wanda ke bayansa a kan benci maƙwabcinsu ne.

Likita ya tambaye shi abin da ke tunzura shi ya sha. Amsar gaskiya ita ce ranar da mahaifinsa ya watso masa kaya waje, ko rabuwarsa da wanda ba zai iya ambata ba. Sai ya ce damuwa ce kawai. A zaman rukuni, inda maza goma sha biyu ke kewaye ana cewa kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, yana jin irin barkwancin da ake yi da masu hali irin nasa kafin malamin jinya ya shigo, don haka ya ja bakinsa ya yi shiru. A rahoton mako sai a rubuta cewa ba ya ba da haɗin kai. Kotu ta umarce shi ya koma gidan iyayensa kuma kada ya fita bayan ƙarfe tara na dare, domin a ka'ida iyali garkuwa ne. A wurinsa kuwa gidan nan ne tushen ciwon. Ko a tura shi gidan kwanan masu murmurewa, ya kwana ɗaki ɗaya da mutum huɗu da yake tsoron su gane shi. An kuma ce ya rabu da tsofaffin abokai da wuraren da ya saba zuwa, shawarar da ke da kyau ga kowane mashayi, sai dai shi mashayar da aka hana shi ita kaɗai ce wurin da ya taɓa zama ba tare da ya yi kaffa-kaffa da kowace kalma ba, kuma ba a ba shi madadinta ba. Gaba kura, baya sayaki. Bayan wata huɗu ya daina zuwa, a ba da sammacin kama shi, a rubuta cewa shi ne ya gaza. A yawancin kotunan nan mutum kan amsa laifinsa tun kafin ya shiga, saboda haka babu sauran shari'a, sai yanke hukunci.

Ba wanda ya zage shi a wannan misali, ba wanda ya nuna masa bambanci da gangan. An yi masa abin da ake yi wa kowa. Nan ne matsalar take, domin maganin da aka auna da jikin wani ba lalle ya yi wa wani daidai ba.

Ƙungiyar ma'aikatan kotunan jinya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1994 kuma ta koma amsa sunan All Rise a 2023, ta fitar da kundin ƙa'idojin aiki a 2013. Ƙa'ida ta biyu a ciki ta shafi mutanen da tarihi ya nuna an saba tauye su saboda launin fata, ko ƙabila, ko jinsi, ko karkatar sha'awa, ko naƙasa, ko addini, ko talauci. Abin da ta nema a fili yake: a ba su dama ɗaya ta shiga, a duba ko suna kammalawa kamar kowa, a ba su magani mai inganci ɗaya, lada da horo su zo daidai, kuma a horar da ma'aikata. Ta kuma ɗora wa kotu nauyin bin alƙalumanta, idan ta ga wani rukuni na zubewa ta binciki kanta kafin ta zargi su.

A nan ne aka shiga tsaka mai wuya. Launin fata ana ganinsa, shekaru suna cikin takarda, amma wannan sai an tambaya. Idan ba a tambaya ba, kotu ba za ta taɓa sanin tana asarar su ba. Idan kuma aka tambaya ba bisa tsari ba, an jefa mutum cikin haɗarin da ya fi wanda ya kawo shi. A ganina mafita tana ga wanda ya yi tambayar da inda amsar ta tsaya. Likita ko malamin jinya ne ya kamata ya yi ta, a keɓe, ga kowa da kowa ba ga wanda aka ga alama a jikinsa ba, tare da bayyana wa mutum cewa yana da ikon ƙin amsawa. Kuma kafin ya amsa a gaya masa ƙarara wa zai ji, wa ba zai ji ba. Alƙali yana buƙatar sanin ko mutum ya halarci jinya da abin da gwaji ya nuna. Ba ya buƙatar sanin da wa yake soyayya. Abin da zai je ofishin ƙididdiga ya tafi a dunƙule babu suna. Mu da muka taso muna jin ana roƙon Allah rufin asiri safe da yamma, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ma'aikacin da ba zai iya riƙe maganar majinyaci ba bai dace da aikin ba.

Masu kokwanto su suka fi buƙatar a bi da su sannu. Sau da yawa sai ƙwaya ta saki mutum sannan tambayoyin da ya daɗe yana dannewa suke tasowa, a daidai lokacin da ya fi rauni. Kuskure biyu ke jiran malamin jinya a nan. Ɗaya ya ce masa wannan ruɗin ƙwaya ne zai wuce, ɗayan kuma ya yi azarɓaɓin laƙaba masa suna yana tura shi ya bayyana kansa ga duniya. Dukansu biyu sun yanke masa hukunci a kan abin da shi kansa bai gama fahimta ba, kuma a ƙarƙashin ikon kotu, inda ko shawara aka ba mutum yakan ji ta kamar umarni. Su kuwa masu sha'awar jinsi biyu, waɗanda binciken gwamnati ya sha nuna cewa matansu na cikin waɗanda shaye-shaye ya fi yi wa illa, galibi ba a ma lura da su, tunda macen da ta zo da miji da 'ya'ya ba wanda zai kawo wani abu a ransa.

Kotu ba ta yin magani da kanta, cibiyoyi take turawa, kuma a nan akwai 'yan ga-ruwa. A wani bincike da Bryan Cochran da abokansa suka wallafa a 2007, sun buga waya ga cibiyoyi sama da 800 da suka shaida wa gwamnati cewa suna da shiri na musamman domin wannan rukuni. Kimanin kashi 7 cikin 100 ne kawai suka iya nuna wani abu na musamman da suke yi. Kusan kashi 70 babu abin da ya bambanta shirinsu da na kowa. Suna ne kawai a takarda. Adalci kuma ya sa in ambaci cewa shirin musamman ba shi ne komai ba. A 2005 Steven Shoptaw da Cathy Reback sun gwada hanyoyi huɗu a kan maza 162 masu neman maza da ke shan metamfetamin a Los Angeles. Hanyar da ta fi riƙe mutane a jinya ita ce ta ba da ɗan tukuici duk lokacin da fitsari ya fito da tsabta, dabarar da ke aiki a kan kowa. Shirin da aka tsara musamman dominsu ya fi tasiri ne wajen saurin rage mu'amalar da ke yaɗa cutar ƙanjamau. Darasin da na ɗauka shi ne ba dole sai an gina musu wata kotu ko wani asibiti daban ba. A ƙauyukan Amurka ma babu halin yin haka. Magani mai kyau a wurin da ba a wulaƙanta mutum ya ɗauki kaso mafi girma na aikin.

Batun addini ma ya shigo ta wata ƙofar. Wasu gidajen murmurewa a Amurka majami'u ne ke tafiyar da su, kuma tarukan ƙungiyar Alcoholics Anonymous da ire-irenta, waɗanda kotuna suka daɗe suna tura mutane, sun ginu ne a kan miƙa wuya ga Ubangiji. Mutane da yawa sun tsira ta wannan hanya. Amma a 2007 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa an tauye haƙƙin wani mabiyin addinin Buddha a Hawaii da aka mayar kurkuku saboda ya ƙi halartar irin wannan shiri. Ka'idar da ta fito ita ce dole a ba mutum zaɓi. Wannan ka'ida ce ke hana a tura ɗan luwaɗi gidan da za a mayar da jinyar ƙwayarsa wa'azin sauya shi, kuma ita ce dai ke kare ɗan Musulmi daga Kano ko Damagaram da ke zaune a Bronx idan tsautsayi ya kai shi gaban irin wannan kotu, kada a tilasta masa zaman ibadar da ba tasa ba. Layin da ya ambaci karkatar sha'awa a cikin ƙa'idar 2013 shi ne ya ambaci addini.

Kotunan tsofaffin sojoji suna da nasu tabon. Daga 1994 zuwa 2011 rundunar sojin Amurka ta yi aiki da manufar nan ta kada a tambaya kada a faɗa, inda aka sallami sojoji sama da 13,000, ban da dubban da aka kora kafin lokacin, wasu da takardar sallama mai tabo da ta hana su kulawar asibitocin tsofaffin sojoji. Da yake wasu kotunan suna duba irin takardar sallamar mutum kafin su karɓe shi, wanda aka kora saboda wannan dalili yana iya tarar da ƙofa ta biyu a rufe saboda ta farko.

Ba kowa ne ya yarda da kotunan jinya ba tun asali. Ƙungiyar Drug Policy Alliance a 2011 da ta Physicians for Human Rights a 2017 sun fitar da rahotanni masu zafi, suna cewa alƙali ba likita ba ne, kuma bai dace a ce sai an kama mutum sannan zai samu magani ba. Sukar tana da ƙarfi, kuma ta fi ƙarfi a kan mutanen da muke magana, domin duk kuskuren da aka yi wajen fahimtarsu da kwanakin kurkuku suke biyansa. Siyasa ma ta sauya: a watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ke rufe shirye-shiryen daidaito a hukumomin tarayya, kuma a watan Yulin shekarar aka rufe sashen da ke amsa kiran matasan wannan rukuni a layin agajin gaggawa na 988. Kotunan jinya da yawa da tallafin tarayya suke numfashi, don haka kalmomin da suke rubutawa a takardun neman kuɗi dole su canja. Mutanen da ke tsaye gaban alƙali kuwa suna nan yadda suke.

Mu a nan ba mu da irin waɗannan kotuna a tsarin da aka sani, duk da cewa binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shan ƙwaya a Najeriya da miliyan 14.3, kuma ana ta kiran a fifita jinya a kan ɗauri. Amma illar tsoro ga neman magani an riga an auna ta a gida. Wani nazari da aka yi a Abuja aka wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan dokar 2014, adadin maza masu neman maza da suka ce suna tsoron zuwa asibiti ya tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100. Duk wanda zai tsara cibiyar gyaran hali a Kaduna ko Katsina zai haɗu da majinyata masu ɓoye abubuwa iri-iri, daga fyaɗen da aka yi musu suna yara zuwa cutar da suke jin kunyar ambata, kuma tambayar wa zai ji abin da suka faɗa za ta taso masa tun ranar farko.

Akwai wani ƙaramin bincike da alƙalan kotunan jinya ke yawan ambata. An gano cewa kotunan da alƙali ke ɗaukar aƙalla minti uku yana magana da kowane mutum sun fi rage komawa ga laifi, har aka sanya wannan cikin ƙa'idojin 2013. Minti uku ba wani lokaci ba ne, amma ya isa mutum ya gane ko ana sauraronsa. Alƙalin da ya saba tambayar kowane namiji lafiyar matarsa zai iya tambaya a maimakon haka: wa ke taimakonka a gida? Mai mata zai ce matarsa, wani ya ce kakarsa, wani kuma ya ce wani aboki, ya tsaya a nan, alƙali ya ce a gaishe shi, a kira na gaba.